Ƙanin Mai Rijiya

Butulci ne laifin da wannan labari zai hukunta, kuma butulcin cikin gida, wanda ya fi na bare ɗaci. Butulu ɗan'uwan ciki ne, abin da aka ba shi jiya ba ya tuna shi yau. Mai kunne ya saurara.

An yi wani tela mai shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Keken ɗinkinsa da almakashinsa da teburin yanka, har dutsen guga, duk yayansa ne ya saya masa, a zamanin da Yaya yake direban tirela, yana da ƙafa yana da faɗa a ji. Wata rana tirelar ta kife a kwana. Aka zaro Yaya daga cikin ƙarfe da ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai kallo. Aka dawo da shi gidan mahaifiyarsu, aka sa shi a ɗakin da ke kusa da famfo, mai taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta.

Kowace safiya kafin Tela ya buɗe shago, sai ya cicciɓi Yaya ya kai shi banɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, ya dawo da shi kan katifa. Yana yi, ba a ce ba ya yi ba, amma da fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Shi kuwa Yaya da farko bango ya juya wa fuska. Inna ta kai abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta kai.

Mai gyaran waya ne ya ji tausayinsa, ya saka masa wani wasa a waya, wanda samari suke kira Kufai. A cikin wasan an ce duniya ta ƙone. Birane sun zama kango, ruwa ya zama guba, karnuka sun haukace. Mutanen da ke yawo a ciki kuwa mutane ne na gaske, kowa yana garinsu riƙe da wayarsa, suna jin muryar juna. Duk wanda ya shiga, tsirara yake faɗowa a gefen hanya da sanda a hannu. In ya mutu, ya mutu ke nan da duk abin da ya tara, sai ya koma kan sandarsa.

A can Yaya ya sami ƙafa. Ya tsinci ƙarafa, ya gyara wani tsohon famfo a gidan mai da ya rushe, ya kewaye shi da kwanon rufi, ya zama shi kaɗai ne mai ruwa mai kyau a duk wannan yanki. Aka sa masa suna Mai Rijiya. Ya kafa doka: duk wanda zai sha, ya jefa bindigarsa a cikin duro a bakin ƙofa. Da yamma mutane su taru a gindin famfo, yana ba su labarin hanya, na tayar da ta fashe a tsakiyar daji da na ɗan sandan da ya tsayar da shi ya roƙi barkono. Inna ta fara jin dariya daga ɗakin kusa da famfo. Ran da Yaya ya miƙo kwano ya ce a ƙara masa, sai da ta yi hawaye a madafa.

Ta ce, "Ko mene ne a cikin wayar nan, Allah ya yi masa albarka."

Da kasuwar ɗinki ta yi sanyi, Tela ya gaji da korar ƙuda, shi ma ya sa aka saka masa. Ya zaɓa wa kansa suna Aradu. Aradun nan bai yi taku goma ba kare ya cinye shi. Ya sake shiga, ya sha ruwan kwata, cikinsa ya kumbura ya mutu. Ya sake shiga, wani ya rotsa masa kai saboda sandar hannunsa. Ya shiga ɗakin Yaya yana huci.

"Wannan wasan na mahaukata ne."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Sauri ya haifi nawa, ƙanena. Sake shiga. In ka faɗo, ka nemi bango ka tsuguna, ka faɗa mini abin da kake gani. Zan zo."

Ya kuwa zo. Tela yana zaune a bakin katifa, ƙafafun Yaya na gaske suna gefensa kamar itace, ga kuma Yaya a cikin waya yana tahowa da gudu, yana tsallake motocin da suka ƙone, gora a kafaɗa. Ya miƙa masa ruwa. Ya ba shi takalmi da wuƙa. Ya koya masa bin gefen bango, da sauraron haushin kare kafin a gan shi, da cewa in ka ga kaya masu kyau a tsakiyar hanya ba kowa kusa, to tarko ne.

Sannan ya ce, "Abu biyu zan faɗa maka, ka riƙe. Na farko, wasan yana da hukunci. Duk wanda ya sha ruwan mutum kuma ya kashe shi, goshinsa zai yi ja, ana hango shi daga nesa. Ba mai sayar masa da komai, ba famfon da zai ba shi ruwa, kuma ko ya mutu ya dawo, jan yana nan. Na biyu," sai ya rage murya, "a can ba wanda ya san halin da nake ciki. Mai gyaran waya kaɗai ya sani, bai taɓa faɗa ba. Kai ma kar ka faɗa. Ka bar mini wurin nan."

Tela ya ce, "Haba Yaya, sai ka ce yaro."

A Kufai kowa da sana'ar da take ɗaga matsayinsa. Yaya ya dubi ƙaninsa ya ce ya kama ɗinkin jaka da salka, tun da hannunsa ya san aikin. Tela ya ɓata rai.

"Ko a wasa ma ɗinki? Wasu suna harbi ni ina zare?"

"Masu harbin nan, nawa ka gani sun kai wata? Jaka kuwa kowa yana so."

Gaskiya Yaya ya faɗa. Tela ya yi ta tsintar tsumma da fatar kujerun mota yana ɗinkawa, matsayinsa yana hawa a hankali, kamar ruwa yana cika randa da ɗigo. Ya sami ƙaramar bindiga. Ya daina mutuwa. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a wuya: ba wanda ya taɓa kiransa Aradu. Duk inda ya shiga sai ya ji, "A'a, ƙanin Mai Rijiya ne, ku bar shi ya wuce." A titi shi ƙanin direba ne, a waya shi ƙanin Mai Rijiya. Ya riƙa cewa a ransa, mutumin da nake ɗauka kamar buhu kowace safiya, shi ne kuma sarkina a nan?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wata ƙungiyar 'yan fashi a wasan, masu mota mai sulke da dogayen bindigogi, shugabansu ana ce masa Ungulu. Sun daɗe suna son ruwan Mai Rijiya, katangar kwano ta hana su. Wata rana Tela yana yanke fatar kujera a cikin wata mota, sai ya ji bakin bindiga a ƙeyarsa, da wata murya mai laushi.

"Kai ne Aradu, ko?"

Wannan suna da aka kira, shi ya kashe shi tun kafin a yi harbi.

Ungulu ya ce, "Ina kallonka tuni. Hannunka na bindiga ne, an maishe ka mai ɗinkin jaka. Tsohon nan tsoro yake kar ka wuce shi. Abin da ka tara a wata uku, mu rana ɗaya muke ba yaro."

"Me kuke so?"

"Ƙofar baya. Ka zare sakata, shi ke nan. In mun shiga, kai za ka harbe shi, domin da haka ake shiga cikinmu. Kisan babba irinsa, matsayinka zai yi tsalle ka ga kanka a sama."

Tela ya ce, "Jan goshi fa? Na sha ruwansa."

Ungulu ya yi dariya. "Jan goshi kwalliyar maza ce. Ruwa? Tankinmu a cike yake. Ga rigar sulke, ga doguwar bindiga, ga kujera a motarmu. Wasa ne fa, malam. In ya mutu ai ba binne shi za a yi ba."

Tela bai tambayi kansa ba, in jan goshi kwalliya ce, me ya sa goshin Ungulu da na yaransa duk fari fat. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma shi kan toshe kunne kafin ya buɗe ƙofa.

Ran da abin zai faru, da safe ya ɗauki Yaya zuwa banɗaki kamar kullum. Yaya yana rungume da wuyansa yana cewa, "Yau ka zo da wuri, zan ba su labarin ran da ka ɓata a tasha kana ƙarami." Tela ya ce to.

Da yamma yana shago. Yadin wani mutum yana shimfiɗe a tebur, an zana shi da alli ba a yanka ba. Ya sa abin ji a kunne, ya shiga. Mutane sun taru a gindin famfo, bindigoginsu duk a duro. Shi ba a taɓa duba jakarsa ba, tun da ƙanin mai gida ne. Bindiga tana ƙasan jakar da ya ɗinka da hannunsa. Ya zaga baya ya zare sakata.

Kafin a ce kwabo yaran Ungulu sun cika gidan. Masu shan ruwa suka ɗaga hannu. Mai Rijiya ya miƙe tsaye, ya dubi ƙofar baya, ya dubi ƙaninsa. Ya riga ya gane.

Ungulu ya ce, "Aradu, ga namanka."

Tela ya ɗaga bindiga. Sai muryar Yaya ta zo masa a kunne, a hankali, irin muryar da yake lallashinsa da ita suna yara.

"Ƙanena, saurara. Gidan sun riga sun ci. Bar su su harbe ni da kansu. Kar ka taɓa kunamar bindigar nan, su ma sun taɓa shan ruwana, goshinka suke so ya ɗauki abin, ba nasu ba. Ajiye."

Ko a bakin rami ƙaninsa yake tunawa. Da Tela yana da zuciya, da nan ta karye. Amma abin da ya ji shi ne ana ba shi umarni a gaban mutane. Wani cikin yaran Ungulu ya ce, "Yaro, yayanka ya ce ka ajiye." Suka yi dariya. Jini ya hau wa Tela ka.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kun san wanda kuke kira Mai Rijiya? Gurgu ne! Ko yatsan ƙafarsa ba ya motsi. Ni nake ɗaukarsa zuwa banɗaki kowace safiya, ni nake wanke masa wando in ya kasa riƙewa. Wannan gudun da kuke gani, a kan katifa yake yinsa. Sarkin ruwa, wai! Ku tambaye shi ko zai iya kai hannu famfon da ke bakin ɗakinsa."

Sai Ungulu ya fashe da dariya, yaransa suka kama.

"Kai, Baba, da gaske? To tashi ka gudu mana! Ku ba shi hanya, ku ba shi hanya!"

Mai Rijiya bai motsa ba. Yana tsaye a gindin famfonsa, gora a kafaɗa, kamar an ajiye wayar an bar shi. Tela ya harba.

Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Harbin wasa ne. Maganar ba wasa ba ce.

Matsayin Tela ya yi tsalle kamar yadda aka yi masa alkawari. Goshinsa ya yi ja kamar garwashi. Aka jefa masa rigar sulke ya sa, ya ji shi namiji. Yaran Ungulu suka cika jarkokinsu, suka kwashe bindigogin duro, suka dasa wa famfo nakiya ya tashi. Tela ya nufi mota zai hau, sai aka tare shi da bakin bindiga.

"Ina zuwa?"

"Ai kun ce akwai kujerata."

Ungulu ya leƙo ta taga. "Da wannan fitilar a goshi? Duk mafaraucin da ke Kufai daga nesa zai hango mu. Kuma kai da ka buɗe ƙofar yayanka, uwa ɗaya uba ɗaya, tawa ce za ka tsare? Ku cire masa rigar."

Suka tuɓe shi. Wani ya ce a harbe shi, Ungulu ya ce harsashi ya fi shi daraja. Mota ta tashi ta bar shi da ƙura.

Bai gama fahimtar abin da ya same shi ba, sai aka fizge abin jin daga kunnensa. Mai gyaran waya ne tsaye a kansa, tasa wayar a hannu. Yana cikin masu shan ruwan da suka ɗaga hannu, bango ɗaya ne tsakaninsu, ya ji komai sau biyu, ta waya da ta bango.

Ya ce, "Ni da ban haɗa komai da shi ba, na riƙe masa sirrinsa. Kai da kuka sha nono ɗaya." Ya tofar da yawu a kan yadin da ke tebur, ya fita.

Tela ya koma cikin wasa yana cewa zai gyara. Ya je wurin masu sayar da kaya, suka rufe taga. Ya je wani famfo mai nisa, famfo ya ƙi shi. Ƙishi ya kama shi, ƙafarsa ta yi nauyi, ya ja jiki ya dawo gidan man da aka rusa, ko akwai ɗigo. Babu. Nan ya mutu, kusa da gorar yayansa. Ya sake shiga, ya faɗo tsirara da sanda, goshi ja. Bai miƙe ba aka harbe shi. Daga baya ya sayi sabon layi, ya canza suna, ya shiga da goshi fari. Ya tarar da mutane a wata inuwa ya yi sallama. Wani ya ce, "Tsaya. Sake magana." Ashe an naɗi abin da ya faɗa a gindin famfo, ya bi waya zuwa waya, ba wanda bai haddace muryar ba. Suna ana canza shi, maƙogwaro kuwa ɗaya Allah ya ba mutum.

A gida kuwa, da ya koma ran nan, ya tarar da Yaya ya juya wa bango fuska, waya tana ƙasa a kife. Kwanon abinci yana bakin katifa, ƙuda na bi.

Washegari da safe ya shiga zai ɗauke shi. Ya sunkuya ke nan, Yaya ya ɗaga hannu ɗaya ya tsayar da shi. Ya gangaro da kansa daga katifa, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya fara jan jiki. Ya wuce ta gaban ƙafafun Tela, ya wuce famfo, ƙafafunsa suna binsa a baya cikin ruwan wanke-wanke, gwiwar hannunsa tana goge siminti. Tela yana tsaye da hannuwa a sake. Inna ta fito daga madafa ta gani. Mai gyaran waya ya riga ya zo ya kunna mata muryar tun jiya.

Tela ya ce, "Inna, wasa ne fa. Wallahi wasa ne kawai."

Ta ce, "Wasan ne ya sa ya ce a ƙara masa abinci. Kai me ka taɓa yi da ya sa ya ce a ƙara? An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya faɗi haka bai haifi irinka ba. Matsa, kana tare masa hanya."

Yaya bai sake taɓa wayar ba. Mai gyaran waya ya zo ya roƙe shi, ya ce mutane suna tambayarsa, sun ce za su taya shi gina wani famfon, ba ruwansu da ƙafarsa. Yaya ya ce, "Lokacin da ba su sani ba nake tafiya. Yanzu ko na yi gudu, tausayina za su ji." Ya koma kallon bango. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito.

Muryar ta fita daga wasa ta shiga titi. Mai katifa ya ji, mai shayi ya ji, matan layi suka ji. Mutumin da aka tofa wa yadi ya zo ya ɗauki abinsa bai ce a wanke ba. Masu kawo ɗinki suka riƙa wucewa da kayansu a hammata zuwa shagon gaba. Wata mata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wanda ya faɗi na yayansa, ni ba zan tsaya ya auna ni ba."

Da wata ya ƙare, Inna ta turo masu tura kura biyu shagon. Ta ce kayan wanda ya saya ne, kuma mai su yana bukatarsu. Suka ɗauki keke da tebur da dutsen guga, har almakashi. Aka sayar aka saya wa Yaya keken guragu, don kar ya sake bukatar bayan kowa. Ran da aka kawo shi, Inna ta fito da jakar kayan Tela ta ajiye a bakin ƙofar gida, ta mayar da sakata. Ya ƙwanƙwasa. Daga ciki ba wanda ya zare masa.

In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Tela ya gina nasa da zurfi, ga kuma abin da ya faɗa ciki. Ya rasa jakunkunan da ya ɗinka da matsayin da ya tara da ɗigo. Ya rasa wasan gaba ɗaya, don ba inuwar da zai yi sallama a amsa. Ya rasa keke, ya rasa shago, ya rasa masu kawo ɗinki. Ya rasa ɗakinsa da kwanon abincinsa. Ya rasa albarkar uwa. Ya rasa yayan da, ko da bindiga a ƙirjinsa, goshin ƙaninsa yake tsarewa. Abin da ya samu kuwa rigar sulke ce ta cikin waya, wadda ya saka, bai ko zauna da ita ba aka tuɓe masa.